Farfelar da Ta Raka Biko

Ko Alƙur'ani na dafa muku na san ba yarda za ku yi ba, cewa za ku yi na zuba gishiri. To kada ku yarda ɗin. Motar dai tana nan a Haɗejiya tana jigilar kifi, waɗanda suka shige ta ran nan kuma duk suna nan da ransu, in ban da ƙugun wani dattijo da har yau bai koma mazauninsa ba.

Sallau ake ce da mutumin. A unguwarsu in aka ga akuya sanye da hula, ko aka fito daga masallaci aka tarar an musanya wa kowa takalmin hagu, ba a tambayar wa ya yi, sai dai a tambayi ina yake. Ya taɓa shiga makarantar koyon sana'a, ɓangaren kanikanci, ya ɗan taɓa karatu sannan ya baro ta, a cewarsa don malaman sun ƙarar da abin da suka sani sun koma maimaici. A cewar makarantar kuwa, wata magana ce da ta haɗa kujerar shugaba da ƙusa. Ko ma wanne ne, ya fito da abu biyu: sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa, da ilimin da bai isa gyara mota ba amma ya isa ɓata ta. A faɗi gaskiya kuma, a fagen tsokana ba a yi kamarsa ba daga nan har Gumel. Wasu da ƙarfi suke tsokana, shi da lissafi yake yi.

Lissafin ne ya kuskure masa a kan matarsa Saude. Wata rana ya shigo gida fuska ba wasa, ya ce ya haɗu da wani mutumin garinsu a tasha, an ce a gaya mata gobe mahaifiyarta na tafe. Saude, ga ciki ya fara nauyi, ta share gida har bayan randa, ta sa aka yanka zakaranta ɗaya tilo da take ta kiwo, ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi wanka ta zauna tana kallon ƙofa. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Sallau ya ce ai zunubi ne abinci ya lalace, ya jawo kwano. Yana kan cinya ta biyu dariya ta ƙwace masa.

Saude ba ta ɗaga murya ba. Ta wanke kwanukanta tas ta kife. Washegari ta ƙulle kayanta ta nufi Kafin Gwaza, ta bar saƙo wajen maƙwabta cewa tunda an yi mata alkawarin ganin uwarta, ta tafi cika alkawarin.

Mahaifinta Malam Barmo manomin shinkafa ne mai taurin kai. Da Sallau ya fara kiran waya, ya aiko masa cewa shi ba a waya ya ba da 'yarsa ba, don haka ba a waya zai mayar ba, a turo dattijo. Nan gizo ke saƙar. Duk dattijon da Sallau ya tunkara, sai ya tarar akwai wata tsohuwar ƙullalliya a tsakaninsu: wannan ya taɓa ɗinke masa hannun riga yana gyangyaɗi, wancan ya taɓa aika shi ta'aziyyar mutumin da ya tarar yana cin ɗanwake. Da ƙyar, da magiya, wan mahaifiyarsa Kawu Ilu ya yarda. Ya kafa sharaɗi biyu. Na farko, sau ɗaya zai je, ba ya maimaita biko. Na biyu, zai buɗe baki a gaban surukai ya ce yaron nan ya bar tsokana, saboda haka ya bar ta ɗin da gaske, don shi ba zai kai furfurarsa ƙauye ya yi ƙarya da ita ba. Sallau ya rantse. Aka sa ranar Asabar.

Ranar Juma'a da hantsi, gida ba wuta ba hayaƙi, Sallau ya gangara garejin Kallamu ko zai dace da koko. Kallamu ɗan Kawu Ilu ne, ke nan taubashinsa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa tun suna yawo ba wando. Bakanike ne mai ƙarancin magana, irin waɗanda in ka yi musu sallama suna ƙarƙashin mota sai su amsa da ƙafa.

Ran nan wata tsohuwar jif ce a gabansa, mai ja da ƙafa huɗu, ta wani dillalin bandar kifi da ke shiga da ita fadama. Ƙorafin mai ita shi ne duk sanda aka sa giya sai a ji ƙas a ƙarƙashi, kamar an sauke taɓarya. Kallamu ya shiga ya kama farfela, wato dogon ƙarfen nan da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, ya girgiza ta, ya ce kuros ne ya cinye. Kuros kuwa ɗan ƙarfe ne mai kai huɗu kamar mararraba, guda a kowane ƙarshen farfela, shi ke ba ta damar lanƙwasa tana juyawa.

Kafin ya taɓa noti ko ɗaya sai da ya zaro allinsa daga bayan kunne. Farfelar irin wannan mota gida biyu ce, ɗaya na zurawa cikin ɗaya ta kan haƙora, kuma yadda aka zare haka ake mayarwa, don kunnuwan da ke riƙe kuros na gaba da na baya dole su tsaya a layi ɗaya. In suka saɓa, mota za ta tafi, amma tafiyar masu bori. Saboda haka Kallamu ya goge maiƙo, ya ja layin alli guda ya ratsa gidajen biyu, sannan ya kwance, ya zare su don ya wanke haƙoran ya sa sabon giris. Shi a wajensa ido na iya ruɗin mutum, gajiya na iya ruɗin mutum, amma alli ba ya ƙarya. Shekara da shekaru alli yake haɗawa da alli, ko waiwaye ba ya yi.

Da ya buge tsohon kuros ɗin ya fitar, ya gwada sabon da mai mota ya kawo, sai ya tarar ya yi kaɗan. Ya yi tsaki, ya tayar da babur zai je wajen masu kayan gyara ya canzo.

"Bawana, tsare min gareji," ya ce. "Kada ka taɓa komai."

"Ni da nake Injiniya me zan taɓa a kayan gwangwani," in ji Sallau.

A bar Sallau da farfela a zare, ga alli a kan benci, a ce kada ya taɓa, ai ajiyar dusa ce a wajen akuya. Duk da haka a yi masa adalci, ya yi kokawa da zuciyarsa. Ya juya wa farfelar baya. Ya shanye sauran kokon Kallamu. Ya tuna rantsuwar da ya yi wa Kawu. Sai kuma ya tuna cewa ranar Asabar ce Kawu zai furta maganar, yau kuwa Juma'a.

Abin da ya hango shi ne wannan: dillalin kifi zai ɗauki motarsa, ya hau kwalta, haƙoransa su fara kaɗawa, ya dawo gareji yana zazzaga masifa a gaban jama'a. Kallamu zai shiga ya fita, ya ga alli a kan alli, ya rasa ta cewa. A nan ne Injiniya zai taso daga benci, hannu a baya, ya zagaya motar sau ɗaya, ya faɗi ciwon da maganinsa. Daga ranar a san waye bawan wani. Wannan darasin kunnuwan farfela kuwa yana cikin 'yan kaɗan ɗin da aka yi yana aji.

Ya lashi babban yatsa ya goge layin gida ɗaya. Ya ƙirga haƙori uku, ya ja sabon layi, ya ma ɗan karkata shi irin na hannun Kallamu. Bai yi yawan da ido zai kama da kallo ɗaya ba, bai yi kaɗan ɗin da ba za a ji ba. Ya mayar da alli inda yake, ya koma benci ya harɗe.

Kallamu ya dawo da kuros daidai. Ya jera 'yan allurai na cikin kofunansa da giris don kada su zube, ya danna kofunan a hankali, ya sa zobban da ke riƙe su, ya motsa ya ji yana juyawa sumul. Lokacin har an fara kiran sallar Juma'a. Ya haɗa alli da alli, ya ɗaga farfela, ya ɗaure. Ya zagaya unguwa da motar a hankali, ya sa giya ya cire, babu ƙas. Ya ce an gama. Sallau ya ce sannu da aiki, da wata irin ladabi da ya kamata a ce ta sa Kallamu zargi.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka tafka ruwa irin wanda kwaɗi ke yi wa biki.

Asabar da safe Sallau ya fito fes cikin farar shadda, ga ƙwaryar goro, ga turmin atamfa, ga kwalaben lemo na kai wa surukai. Kawu Ilu na zaune a dakali da carbinsa. Sai mai ƙaramar motar da aka yi magana da shi ya aiko cewa shi ba zai kai motarsa Kafin Gwaza yau ba ko da za a ba shi garin, don daga inda burji ya ƙare taɓo ne har gwiwa. Ana cikin jimami, aka ji ƙugin inji daga kwana. Ƙamshin bandar kifi ya riga motar isowa.

Kallamu ne a kan sitiyari. Ya ce ya roƙi mai ita ya ba shi aro, mai ita kuwa ya ce daɗinta ma, a gwada masa sabon kuros a hanya.

Sallau ya dubi jif, jif ta dube shi. Ya ce anya ba a bari ƙasa ta sha ruwa ba zuwa jibi? Kawu ya ce yau ko babu. Ya ce ai babura ma suna shiga. Kawu ya ce shi da shekarunsa ba zai je biko a bayan ɗan acaɓa ba. Ya ce warin kifi fa, a gaban surukai. Kawu ya ce surukan nasa a bakin fadama suke, ba turaren wuta suke nomawa ba. Aka ɗora dattijo a gaba. Sallau ya hau baya, kan bencin ƙarfe, wanda in ka auna da igiya daidai saman farfela yake.

A cikin gari lafiya lau, har Kawu yana yaba taushin kujera. Suna hawa kwalta Kallamu ya taka totur, sai aka fara jin wani gurnani can ƙasa, kamar ana niƙa a gidan maƙwabta. Gurnanin ya hau ta tafin ƙafa. Madubi ya daina nuna komai sai hazo. Kwalaben lemo suka fara gaisawa da juna. Carbin Kawu ya koma ja da kansa, hularsa kuma ta riƙa saukowa a hankali har ta rufe masa gira, ya mayar, ta sake saukowa. Ya buɗe baki zai yi addu'ar tafiya, ta fito gutsure-gutsure kamar ana yanka kuɓewa.

Kallamu ya tsaya. Ya zagaya ya shuri tayoyi, ya gwada notinansu, ya leƙa ƙarƙashi ya ga allinsa zaune a kan alli. Ya koma ya ja. In ya rage gudu abin ya lafa, in ya ƙara ya dawo da 'yan'uwansa. Rage gudun kuma ba zai yiwu ba, don wani hadarin na sake haɗuwa, akwai kuma rafi a gaba wanda in ya cika sai dai a yi wa Kafin Gwaza sallama daga nesa.

Duk abin da na gaba ke ji, saura ne. Na asali a bencin baya ake raba shi, kuma Sallau ke karɓa hannu da hannu. Cikinsa ya haɗu da ƙirjinsa. Ya ciji harshensa ba da niyya ba. Ya gano ƙasusuwa a jikinsa da bai san da su ba. Abin da ya fi ci masa rai, aikin ya yi kyau. Ko shi bai zaci haƙori uku za su ba da haka ba, ga shi babu wanda zai gaya wa.

"Injiniya," Kallamu ya ce ba tare da ya juyo ba, "me ka gani?"

"Allah ne masani," in ji Sallau.

Tunda aka haife shi ba a taɓa tambayarsa abu ya ba da wannan amsar ba. Kallamu ya ɗaga ido ya nemi fuskarsa a madubi, amma madubin na rawa, fuska huɗu ya gani, bai san wacce zai tuhuma ba.

Kwalta ta ƙare, burji ya ƙare, aka sa giyar taimako aka faɗa taɓo. Nan motar ta haɗa rawa biyu, ta ƙugu da ta kafaɗa. Suka tsallake rafi ruwa na lasar ƙofa. Da suka tsaya a ƙofar gidan Malam Barmo aka kashe inji, motar ta yi shiru, amma mutanen cikinta ba su samu labari ba. Kawu ya sauko yana karkarwa kamar mazari.

Malam Barmo ya kwana biyu yana wasa maganganun da zai yanka su da su. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya zauna ya haɗe rai. Kawu Ilu ya shigo dafe da bango. Ya miƙa ƙwaryar goro, hannu na rawa har goro biyu suka gangaro. Ya fara magana murya na kakkaryewa, idanu sun kaɗa sun yi ja saboda iskar hanya, leɓe na ɓari. Ya ce sun zo ne da kunya. Ya ce yarinya ba ta da laifi ko na ƙwayar gero. Ya ce yaron nan ya tuba, ya bar tsokana, shi Ilu shaida ne, in ƙarya ne a kama furfurarsa. Can gefe kuma ga Sallau a tsugune, kai a ƙasa, kafaɗu na kaɗawa su kaɗai.

Malam Barmo ya dubi tsoho, ya dubi yaro. Maganganun da ya wasa suka dakushe a bakinsa. Ya ce shi dai ya sha ganin biko, amma bai taɓa ganin nadama ta sauka har cikin jiki irin wannan ba. Ya ce ya yafe zakara, ya yafe tuwo. Ya aika cikin gida a ce wa Saude ta haɗa kayanta.

Sallau na tsugune yana lissafi. Wato ko da tsokanarsa ta juyo kansa, sai da ta yi masa biko. Ya fara tsara yadda zai ba da labarin a majalisa nan da shekara guda, in ƙura ta lafa.

Don a sanyaya zuciya, Malam Barmo ya ce a sha lemon da baƙi suka kawo. Ya ɗauki kwalba ya sa haƙori ya ɓalle murfin. Lemon ya tashi ya daki rufin zaure, ya dawo ta gemunsa. Ya zauna yana ɗiga. Sannan ya tambaya ko haka ake yin lemo a birni yanzu.

Kawu ya ce ba lemon ba ne, motar ce. Ya kwashe labarin hanya ya faɗa, ya nuna hannunsa da har yanzu bai tsaya ba. Malam Barmo ya sake duban hannun, da wani ido daban. Amma dattijo ne, ya riga ya furta, bai janye ba. Abu ɗaya ya ce: 'yarsa da juna biyu ba za ta shiga abin da ya yi wa kwalba haka ba. In an gyara a nan, ga ta ga mijinta. In ba a gyara ba, to dama watan zuwanta goyon ciki ya kusa, sai ta zauna ta haihu a gaban uwarta, a zo a ɗauke ta bayan arba'in.

"Ni kuma sau ɗaya na ce," in ji Kawu, ba da kowa ba.

Kallamu ya tuɓe riga. Ya ɗaga motar da jak a kan wani guntun turmi, ya juya kowace taya yana saurare. Ya duba mazaunin inji. Ya kama kuros ɗin da ya sa jiya ya girgiza, ko motsi. Ya ƙara ɗaure notin da ke ɗaure. Mutanen gari suka kewaye, kowa da fatawarsa: wani ya ce taya ce ta yi ƙwai, wani ya ce an bi ta kan abin da ba a bi, wani tsoho ya ce shi tun farko bai yarda da motar da ke ja da ƙafa huɗu ba, don abin da ke da ƙafa huɗu ciyawa ya kamata ya ci. An fito da kayan Saude an jingine a bakin zaure, ƙulli biyu da kwalla. Gabas ta yi baƙi ƙirin.

Sallau na tsaye yana kallon ƙullin kayan, yana kallon taubashinsa na neman ciwo a inda babu shi. Maganar na nan a kan harshensa, guda ɗaya tak, mai gyara komai mai ɓata komai. Ya haɗiye ta, ta dawo. Ya sake haɗiyewa.

Can Kallamu ya fito yana goge hannu. Ya ce shi iyakar saninsa ke nan, sai an koma gareji. Su kama hanya kafin rafi ya rufe. Malam Barmo ya gyaɗa kai, ya ce a mayar da kayan ciki. Aka ɗauki kwalla.

"Ko ka duba kunnuwan farfelar?" Sallau ya ce, a hankali, kamar mai tambayar lafiyar wani na nesa.

Kallamu ya ce alli na kan alli.

Sallau ya ce ai a duba dai. Kallamu ya ce ba ya duba abin da ya riga ya shaida. Aka ɗauki ƙulli na farko. Sallau ya ce wani lokaci ƙarfe kan yi gardama. Kallamu ya ce nasa ba ya yi, ya fara sauke jak. Aka sunkuya za a ɗauki ƙulli na biyu.

"Kai bawan Allah, zare ta ka mayar da ita haƙori uku ta hagu, shi ke nan fa. Tun ɗazu kana ta ƙwanƙwasa taya kamar mai sayen kankana."

Maganar ta riga ta kuɓuce wa Sallau, kowa ya juyo yana kallonsa.

Kallamu ya bar jak ɗin. Ya sake kwanciya ya shige. Wannan karon bai kalli alli ba, ya kanne ido ɗaya ya bi tsawon farfelar daga kunnen gaba zuwa na baya. Sannan ya kai fuska kusa, ya hura ƙura, ya ga wani ɗan fari-fari da ya maƙale a cikin tsagar ƙarfe, inda yatsa bai kai ba. Ya ƙirga da farce. Ya fito, ya zauna a kan dugadugansa.

"Uku ne," ya ce. "Ta hagu."

"To ka gani," in ji Sallau.

"Na gani. Daga nan inda kake tsaye ka ƙirga, da farar shadda?"

Sallau ya ce ilimi ne, abin da ya sa ake zuwa makaranta ke nan. Kallamu ya ce shi bai yi makaranta ba, amma yana so a gaya masa a wane aji ake koyar da cewa hagu ne ba dama ba, a motar da mutum bai leƙa ƙarƙashinta ba. Sannan ya juya ga mahaifinsa ya ce jiya da hantsi ya bar gareji na ɗan lokaci, kuma ya bar shi a hannun amintacce.

Kawu Ilu bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya dafa ƙugu da hannu ɗaya, ya shafa gemu da ɗayan, kamar mai duba ko furfurar tana nan. Malam Barmo ya dubi hannun Kawu, ya dubi kafaɗun surukinsa, ya ce ashe nadamar ta inji ce.

Kallamu ya zaɓo sifana biyu ya ajiye a gaban Sallau, ya ɗora guntun alli a kai. Ya ce shi yau almakashi ma ba zai riƙe ba, Injiniya ya san inda ya ajiye, ya je ya ɗauko. Ya koma inuwa ya zauna kusa da mahaifinsa, aka miƙo musu fura.

Ƙarƙashin motar kuwa taɓo ne da ruwan da ya tsiyayo daga jikinta, haɗe da ɗan abin da shanun gari suka bari da safe. Sallau ya nemi tabarma, aka ce duk suna jiƙe. Ya nemi buhu, aka ce da shinkafa a ciki. Ya dubi shaddarsa kallon ban kwana, ya kwanta, ya ja jiki ya shige, sai ƙafafu kawai a waje. Yayyafi ya fara sauka. Noti na farko ya ƙi, sifana ta zame ta ɗauke masa fatar yatsa. Giris ya ɗigo masa a ido. Jama'a suka gyara tsayuwa, har da masu ɗauko kujera.

Amma Sallau ko a kabari aka sa shi sai ya nemi ta inda zai yi bayani. Daga can ƙasa muryarsa ta fito, da ladabi, yana kiran Malam Barmo da Baba. Ya ce yana roƙon a duba magana ɗaya don Allah. Kawu bai yi ƙarya ba. Allin nan na jiya ne, Juma'a da hantsi. Tuba kuwa da asubar yau ya ɗaura ta, bayan ya idar da salla, kuma daga lokacin zuwa yanzu ko kaza bai tsokana ba. Saboda haka abin da Kawu ya shaida a zaure gaskiya ne tsantsa, ga mota kuma yanzu za ta gyaru, sharaɗi ya cika.

Malam Barmo mutum ne mai son adalci ko a kan maƙiyinsa. Ya tauna maganar. Ya ce a lissafi dai haka ne, bai ga ta inda za a kama ta ba. Amma tunda ba shi zai zauna da mutumin ba, bari a ji ta bakin mai zama. Ya ɗaga murya ya kira Saude. Ta zo ta tsaya daga bayan ƙofar zaure, mayafi ya rufe rabin fuska, ta dubi ƙafafu biyun da suka leƙo daga ƙarƙashin mota suna neman madogara a cikin taɓo.

"Kin ji abin da ya ce," in ji mahaifinta. "Da asubar nan ya tuba."

"Na ji, Baba," ta ce. "Ai ɗanyen gini ne ke nan. A bar shi ya bushe zuwa bayan arba'in, kada in jingina ya faɗo min."